Kwalejin Al'umma ta Amurka: Me Ake Koyarwa, Nawa Ake Biya, Ina Take Kai Yaro?

Wannan shi ne jawabin da ɗaya daga cikin marubutan jaridarmu ya gabatar a wani zaman tattaunawa na ƴan kasuwa da ma'aikata a Maradi. Mun buga shi dungum bisa roƙon waɗanda ba su samu halarta ba.



 Ina neman afuwar manya tun kafin in fara, domin yaro ne zai yi magana a gaban waɗanda suka riga shi ganin duniya.

Kwanakin baya wani dattijo ɗan kasuwa ya kira ni rumfarsa, ya miƙo mini takardar kuɗin makaranta da ɗansa ya aiko masa daga Amurka. Babu kome a cikinta sai haruffa da lambobi: ENG 111, MAT 171, PSY 150, ACA 122. Ya ce mini: "Ɗana, kai da ka yi boko, shekara biyu ke nan ina aika kuɗi. Yaron nan likita zai zama ko injiniya?" Na juya takardar gaba da baya, ni da lisansi a aljihu, na kasa ba shi amsa. Abin ya dame ni ƙwarai. Mutumin da ba ya sayen buhun gero sai ya zura hannu ya ga ƙwaya, ga shi yana cinikin biri a sama da dukiyarsa da kuma ƙuruciyar ɗansa. Tun daga ranar na duƙufa kan kundayen darussa na irin waɗannan makarantu, kuma abin da na fahimta shi na kawo muku yau.

Sunan makarantar, in an juya shi da Hausa, shi ne kwalejin al'umma. Kada kalmar ta ruɗe mu, domin a wurinmu kolej ita ce inda yaro ke neman birebe. Wannan kuwa makaranta ce ta gaba da lise, ta shekara biyu, mallakar hukuma, wadda ɗalibanta galibi ke kwana a gidajensu su zo da safe ko da dare. Wanda ya san BTS da DUT na tsarin Faransa ya san rabin labarin. Sauran rabin shi ne ƙofarta a buɗe take: babu gasar shiga, duk wanda ya gama lise ko ya mallaki takardar da ta yi daidai da ita ana karɓarsa, ko shekarunsa 18 ko 50.

Asalinta ya koma 1901, lokacin da aka buɗe ta farko a garin Joliet, kusa da Shikago, da ɗalibai 6 kacal. Shugaban Jami'ar Shikago na wancan zamani, William Rainey Harper, yana ganin shekaru biyun farko na jami'a ana iya yin su kusa da gida, ba sai an cika manyan jami'o'i da sababbin shiga ba. A 1947 wani kwamiti da shugaba Truman ya kafa ya ba da shawarar a baza irin waɗannan makarantu ko'ina cikin ƙasar. A shekarun 1960 aka yi ta buɗe su ba ƙaƙƙautawa, har yau adadinsu ya kai kimanin 1,000.

Domin kada mu yi magana a iska, bari mu ɗauki misali guda. Kowa a nan ya san wani da ke da ɗan'uwa a Greensboro, cikin jihar Karolina ta Arewa, garin da ƴan Nijar suka yi wa sansani tun shekarun 1990. Kwalejin al'umma ta yankin ita ce Guilford Technical Community College, wadda ake taƙaitawa GTCC. An kafa ta a 1958 domin horar da ma'aikatan masana'antu, a yankin da ya yi suna wajen saƙa da ƙera kujeru da gadaje, ta kuma samu sunanta na yanzu a 1983. Ɗaya ce daga cikin kwalejoji 58 na jihar, kuma dukansu kundin darussa ɗaya suke amfani da shi. Ma'ana, ENG 111 a wannan gari shi ne ENG 111 a wancan.

Ma'aunin kasuwar

Ɗan kasuwa ba ya shiga ciniki sai ya san tiyar da ake awo da ita. Tiyar wannan kasuwa ita ce kiredi. Kiredi ɗaya yana nufin kusan awa ɗaya cikin aji kowane mako har tsawon zangon karatu na mako 15 ko 16, tare da kusan awa biyu na nazari a gida. Yawancin darussa kiredi 3 ne, na kimiyya masu ɗakin gwaji kuwa 4. Wanda ya ɗauki kiredi 12 ko fiye a zango shi ake kira cikakken ɗalibi. Takardar shekara biyu tana bukatar kiredi 60, digirin jami'a na shekara huɗu kuwa kimanin 120.

Yayyena da suka san tsarin LMD su yi hattara a nan. A wurinmu kiredi 60 shekara ɗaya ce, lisansi kuma 180. A can kiredi 60 shekara biyu ce. Suna ɗaya, awo daban.

Kiredi ake saya, ba shekara ba. A shekarar karatu ta 2024-2025 mazaunin jihar yana biyan dala 76 kan kowane kiredi, baƙo kuwa dala 268. Dalar Amurka nake nufi, ba dalar kasuwarmu ta sefa biyar ba. In muka ƙiyasta dala ɗaya a kan sefa 600, darasi mai kiredi 3 zai tsaya wa mazauni kusan jika 137. Kiredi 60 gaba ɗaya dala 4,560 ne, wato sefa miliyan 2 da dubu 700 da ƴan kai. Baƙo kuwa dala 16,080, wato sefa miliyan 9 da dubu 600 da ƴan kai. Littattafai, haya, abinci da mota ba sa ciki. Kafin a lissafa mutum mazauni sai ya shekara cur a jihar da takardun zama na dindindin ko makamantansu. Ɗan ƙasa da mai katin zama suna iya neman tallafin gwamnatin tarayya da ake kira Pell, wanda mafi yawansa a shekarar 2024-2025 dala 7,395 ne, ba a kuma biyansa. Mai bizar karatu ba shi da rabo a ciki.

Ƙofofi uku

Mai shiga wannan makaranta yana tarar da ƙofofi uku, kuma kowace inda take fita daban.

Ƙofa ta farko ita ce ta wucewa jami'a. A nan yaro yana yin shekaru biyun farko na digiri cikin arha, sa'an nan ya ƙarasa biyun ƙarshe a jami'a. Darussan wannan ƙofa na ilimi ne na gama-gari. ENG 111 da ENG 112 rubutun Ingilishi ne da bincike. MAT 171 aljabara ce ta share fagen lissafi mai zurfi, MAT 152 ilimin ƙididdiga. BIO 111 ilimin halittu, CHM 151 ilimin sinadarai, PSY 150 halayyar ɗan Adam, HIS 131 tarihin Amurka, ECO 251 tattalin arziki, COM 231 magana a gaban jama'a. ACA 122 kuwa ɗan ƙaramin darasi ne mai kiredi ɗaya, inda ake koya wa ɗalibi tsara hanyarsa zuwa jami'a.

Wannan tsari yana ba mu mamaki, mu da aka raba tun daga lise, wannan seri A, wancan C, wancan D. A can mai son injiniya dole ya taɓa tarihi ko adabi, mai son shari'a dole ya taɓa lissafi da kimiyya. Jihar tana da yarjejeniya tsakanin kwalejoji 58 da jami'o'inta 16: wanda ya kammala takardar wucewa, bai kuma faɗi ƙasa da makin C a darussansa ba, yana da tabbacin gurbi a ɗaya daga cikin jami'o'in, kuma zai shiga a shekara ta uku. Ku lura da kalmar "ɗaya daga ciki". Ba a yi masa alkawarin jami'ar da yake so ko fannin da yake so ba. A Greensboro kanta akwai biyu daga cikinsu, A&T da UNCG.

Ƙofa ta biyu ita ce ta sana'a, kuma a nan kasuwar ta fi cika. Akwai fannin lafiya: jinya, tsabtace haƙora, ɗaukar hoton ƙashi, agajin gaggawa. Akwai fannin kasuwanci: kwantabilite, tafiyar da kamfani, jigilar kaya da tsara sito. Akwai kwamfuta da tsaron intanet. Akwai walda, wutar lantarki, gyaran firiji da na'urar sanyaya ɗaki, kanikancin ƙananan motoci da na manyan injunan dizal. Akwai girki da kula da otal, gyaran gashi, renon ƙananan yara, taimakon lauya, aikin kashe gobara. Tun da filin jirgin saman garin ya zama cibiyar ƙera jirage da gyaransu, inda kamfanin Honda ke ƙera ƙaramin jirginsa HondaJet, sai kwalejin ta mayar da kanikancin jirgin sama da lantarkinsa da tuƙinsa babban sashe mai zaman kansa.

Sana'o'in nan hawa uku ne, kamar tsani. Akwai ƙaramar shaida ta kiredi 12 zuwa 18, wadda ake iya gamawa cikin zango ɗaya ko biyu. Akwai diploma ta kiredi 36 zuwa 48. Sa'an nan cikakkiyar takarda ta shekara biyu, wadda ke haura kiredi 60, wani lokaci har 70 da ƴan kai. Hikimar ita ce abin da ka ci a hawa na ƙasa ana lissafa maka shi a na sama. Mutum zai koyi walda, ya sami aiki, ya yi aure, bayan shekara uku ya dawo da dare ya ɗora daga inda ya tsaya.

Fannin jinya ya cancanci a tsaya a kansa. Wanda ya yi shekara biyu a kwalejin al'umma da wanda ya yi huɗu a jami'a jarrabawar ƙasa ɗaya suke zaunawa, mai suna NCLEX, lasisi ɗaya kuma ake ba su. Shi ya sa ake turereniya a ƙofarsa. Buɗaɗɗiyar ƙofar da na ambata ta makaranta ce, ba ta kowane fanni ba: jinya da haƙora gurabensu ƙidayayyu ne, ana zaɓe bisa maki, kuma sai an fara cin darussa irin su ilimin sassan jiki kafin a nemi shiga.

Ƙofa ta uku ita ce ta manya da masu gaggawa. Nan ake koyar da Ingilishi ga baƙi kyauta, nan wanda bai gama lise ba ke shirya jarrabawar da za ta maye masa gurbinta. Nan kuma ake gajerun horo na makonni: farmin tuƙin babbar mota, taimakon masu jinya, ɗibar jini a asibiti, kafa ƙaramar sana'a. Yawancin darussan wannan ƙofa ba su da kiredi, ba sa kai mutum ga digiri, amma sukan kai shi ga albashi da sauri. Ƴan lise na jihar ma, tun 2012, suna iya ɗaukar darussan kwaleji ba tare da biyan kuɗin karatu ba, har wasu su gama lise da kiredi masu yawa a hannu. Iyayen da ƴaƴansu ke tasowa a can su riƙe wannan.

Ramukan da ke kan hanya

Da na tsaya a nan, da na zama dillali mai yabon haja. Dole in faɗi aibinta.

Bincike a Amurka ya nuna kusan 80 cikin 100 na masu shiga waɗannan makarantu suna da burin digirin jami'a. Kusan kashi ɗaya cikin uku ne ke wucewa, kuma wajen 16 cikin 100 kaɗai ke riƙe digirin bayan shekara shida. Shiga da sauƙi, fita da wuya. Dalilan a bayyane suke: yawancin ɗaliban suna aiki, da dama suna da iyali, sai su riƙa ɗaukar darasi ɗaya ko biyu a zango, hanya ta yi tsawo har a gaji.

Rami na farko shi ne darussan share fage. Wanda aka ga Ingilishinsa ko lissafinsa bai kai ba, sai a ajiye shi a azuzuwan gyara, waɗanda sau da yawa ana biyansu amma ba a lissafa su cikin kiredi 60. Ɗanmu da ya tashi da faransanci shi ne farkon mai faɗawa ciki. Jihohi da yawa sun gane illar abin. Kalifoniya ta yi doka a 2017 domin rage shi, wasu kuma suka koma sanya ɗalibi kai tsaye cikin darasi na gaske tare da ƙarin awoyin taimako. A nan ne na samo amsar dattijon da na ba ku labari. Darussa huɗun da ke kan takardarsa na farkon hanya ne. Da muka kira yaron, sai ya bayyana cewa ya shafe lokacin yana koyon Ingilishi da rana, yana aikin sito da dare. Bai ci amanar mahaifinsa ba. Amma da uban da ɗan babu wanda ya san cewa bayan shekara biyu yanzu ne karatun ke farawa.

Rami na biyu shi ne asarar kiredi. Hukumar binciken kuɗi ta majalisar dokokin Amurka ta ƙiyasta a rahotonta na 2017 cewa ɗaliban da suka sauya makaranta tsakanin 2004 da 2009 sun yi asarar kusan 43 cikin 100 na kiredinsu. A harshen kasuwa, ka sayi buhu goma, ka isa gida da shida. Wannan yakan faru in mutum ya bi ƙofar sana'a alhali jami'a yake nufi, domin yarjejeniyar wucewa ba ta rufe takardun sana'a gaba ɗaya ba, ko in ya ƙaura wata jiha, ko in ya sauya fanni a tsakiyar hanya.

Ramukan nan suna cikuwa in an so. A birnin Niyok, jami'ar birnin ta fara wani shiri mai suna ASAP a 2007: ɗalibi ya yi alkawarin karatu cikakke, ita kuma ta cike masa gibin kuɗin makaranta, ta ba shi littattafai da katin shiga jirgin ƙasa, ta haɗa shi da mai ba da shawara da zai riƙa ganinsa a kai a kai. Da aka auna, 40 cikin 100 sun gama cikin shekara uku, alhali a cikin takwarorinsu 22 ne. Darussa ba su canza ba, malamai ba su canza ba. Kuɗin mota da mai sa ido su suka kawo bambancin.

Akwai kuma maganar da ba zan ɓoye ba. A watan Disamba na 2025 gwamnatin Amurka ta sanya Nijar cikin jerin ƙasashen da ta rufe wa ƙofar shiga, daga 1 ga Janairu na 2026. Saboda haka duk wanda ya zo muku da alkawarin gurbin karatu da biza a kan wasu miliyoyi, ku riƙe kuɗinku har ku tabbatar da halin da doka ke ciki daga bakin hukuma. Jawabina ya fi shafar waɗanda ƴaƴansu da ƙannensu ke can da takardunsu.

Ga irin waɗannan iyaye, tambayoyi huɗu sun isa. Wace ƙofa ka bi cikin ukun? Kiredi nawa takardarka ke bukata, nawa ka ci? Cikin darussan wannan zango, wanne ne ba ya shiga lissafi? In jami'a kake nufi, wacce, kuma ta amince a rubuce da abin da kake karantawa? Kowane ɗalibi yana iya fitar da takardar sakamakonsa cikin ƴan mintoci. Ku ce a aiko muku da ita tare da takardar kuɗi. Matambayi ba ya ɓata.

Abin da ya rage namu

Zan rufe da gida, domin mafi yawan ƴaƴanmu a nan za su yi karatu, a nan za su nemi abinci.

Ba mu rasa makarantun shekara biyu ba. A 2008 aka buɗe cibiyoyin IUT a Maradi da Tawa da Damagaram, kuma a kansu aka gina jami'o'in waɗannan garuruwa daga 2010. Muna da lisen fasaha ta Dan Kasawa a nan garin, muna da cibiyoyin koyon sana'a. Abin da ya kamata mu tambayi kanmu shi ne: ina ƙofar babban mutum? Yaron shago mai shekara 30 da ya bar lakwal a aji huɗu na kolej, yana son ya iya riƙe littafin kuɗi da cike takardun duwan, ina za shi bayan sallar isha'i? Ma'aikaciyar da ke son darasi ɗaya tak na kwamfuta, ba diploma ba, wa zai sayar mata da shi, ya kuma lissafa mata shi in ta dawo baɗi? A tsarinmu wanda ya faɗi bak sau biyu kamar an rufe masa littafi ne, alhali su ne suka fi yawa.

Na biyu, wa ke zaɓen abin da ake koyarwa? A kwalejojin Amurka fannonin sana'a suna da kwamitocin shawara, inda masu kamfanoni da masu garaji da shugabannin asibitoci ke zama su ce ga abin da muke nema, ga abin da ya tsufa. Shi ya sa garin da ya koma ƙera jirage makarantarsa ta koma koyar da jirage. Mu kuwa muna da albasar Galmi da ke ruɓewa saboda rashin ma'ajiya, da fatar jar akuyar Maradi da ke fita ɗanya a sarrafa ta a wata ƙasa, da famfunan hasken rana da ke mutuwa a ƙauyuka babu mai gyara, da matatar mai a Damagaram tun 2011. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan darasi ne da ke jiran aji. Iyayena ƴan kasuwa, ku ne ke ɗaukar ma'aikata, ku ne ke biyan haraji. Kuna da haƙƙin neman kujera a inda ake tsara darussa, kuma in an ba ku, wajibi ne ku buɗe shagunanku da garejinku ga ɗalibai masu neman gogewa.

Na uku, alƙaluman da na karanta muku na faɗuwa da asara, Amurkawa da kansu suka tattara su suka buga, duk da cewa ba su yi musu daɗi ba. Yayyena ma'aikata, musamman na ma'aikatun ilimi, kowace makaranta, ta gwamnati ko ta kuɗi, ya kamata ta liƙa a ƙofarta kowace shekara: nawa suka shiga, nawa suka gama, nawa suka sami aiki. Uban da zai sayar da sa ko gona domin karatun ɗansa ya cancanci ya ga wannan lissafi kafin ya kwance bakin jaka.

Shi kuwa dattijon nan, yanzu yana da ɗan littafi a rumfarsa, kusa da na bashi. A ciki ya rubuta 60 a sama, kuma kowane zango yana ɗebe abin da yaron ya ci. Ya ce mini yanzu ya san abin da yake saye.

 Kuskuren da ke ciki nawa ne, manya su gyara mini. Allah Ya yi wa ƴaƴanmu albarka, Ya ba su ilimi mai amfani, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.